Shaidar da Na Bayar a Jirgin Kano

Tun da na komo Magariya ban huta da tambaya ba. A ƙofar lakwal, wato makarantar da nake koyarwa, a bakin kasuwa, har a wurin alwala ranar Juma'a: "Mushe, yaya Ikko? Da gaske ne ruwan teku ba ya shayuwa?" Mushe dai haka ake kiran malamin makaranta a wurinmu, daga Faransanci. Na gaji da cewa sai an zauna, shi ya sa na zauna. Ga mai sauri, amsar gajera ce: ban je Ikko ba, ban ga teku ba, iyakata Kano. Mai son jin dalili ya ci gaba. Na sauya sunayen mutanen da ke ciki, kuma ina roƙon wanda ya karanta ya bar labarin inda ya karanta shi, kada ya kai shi gabas da Dungas.

Waɗanda suka san ɗakina sun san akwatin nan. Diraktan makarantarmu na dā, Bature, da zai koma gida ya bar mini shi cike da littattafan Faransanci, dukansu iri guda. A tara mutum takwas ko goma a jirgin ruwa, ko a wani otal na wata ƙasa mai nisa inda ba wanda ya san asalin kowa, a wayi gari ɗaya ya mutu, sai wani mai wayo ya bi sauran da tambaya har ya fito da wanda ya yi kisan. Gara ta cinye ƙarshen guda uku, har yau masu laifin cikinsu suna yawo abinsu. Sauran na karanta su sau biyu sau uku. Abin da na koya a ciki shi ne ba mai mutuwa don kwanansa ya ƙare, kuma duk abin da ya isa a ba da labarinsa a cikin jirgi yake faruwa. Ni kuwa na wuce talatin ban taɓa hawan abin da ya fi motar gyaɗa ba. Da aka ba da babban hutu na damina, na nemi takardar izini a ofishin kumandan, Baturen mulkinmu, na sa littafi huɗu a ƙaramin akwati, na ce sai Kano, daga can sai bakin teku.

Daga Magariya zuwa Dungas mota muka hau, in an yarda a kira shi hawa. Sau uku ta kafe a laka, sau uku muka sauka muka tura. In aka auna da adalci, ɗaukar da muka yi mata ta fi wadda ta yi mana. Na fito da farin wando da takalmi sau ciki, irin shigar matafiyan littafi. Na isa Dungas kamar wanda aka haƙo daga rijiya. A gidan gwaggona na sauka. Da ta ji inda za ni ta kore yara, ta rage murya ta ce, "Faɗa mini gaskiya, me ka yi wa Nasara?" A ganinta ba mai barin albashinsa ya tafi kallon ruwa sai wanda ake nema. Ta ɗaure mini ƙuliƙuli da dawo, ta sallame ni kamar mai tafiya gidan kaso.

Washegari na bi ayarin masu cin kasuwar Maigatari. A cikinsu na gamu da wasu mutum biyu daga Mallawa. Malam Isuhu tsoho ne, yanar ido ta rufe masa duka biyun, ƙafafunsa a kumbure, in ya yi magana mai tsawo sai ya tsaya ya nemi numfashi. Yana bisa jaki da gafakarsa a rataye. Ya ji labarin akwai likitan ido a Kano, yana son ya sake ganin baƙin Alƙur'ani kafin ya mutu. Mai jan jakin shi ne Tanko, manomi, ya ɗan gaza shi a shekaru. Uwar Tanko ƙanwar uban Isuhu ce, wato taubasai ne, kuma ban taɓa ganin waɗanda suka riƙe taubasantaka tamkar sana'a irinsu ba.

"Mushe," in ji Tanko, "ka ga wahalar da na ɗauko? An gama maimai a gona, mutane na hutawa, ni ina jan gawa zuwa Kano."

"Bawana ne," in ji Malam Isuhu. "Gadonsa na yi. Ban same shi da kyau ba, amma ba a mayarwa."

Safe da yamma Tanko yakan kwance wani ƙulli, ya barbaɗa jan gari a fura, maganin kumburi da wani wanzami ya haɗa musu. Kowane miƙawa da abin da yake faɗa. "Sha, wannan ne zai ƙarasa ka. In koma in auri matarka Hajo, in haɗa gonarka da tawa, jakin ma nawa."

"Hajo ta fi ƙarfinka. Jakin kuwa ya fi ka hankali, ba zai yarda ba." Sai ya shanye.

Iyaka ta ba ni kunya. 'Yan ayari suka bi wata 'yar hanya cikin gero suka shiga ƙasar Ingilishi ba tare da jakunansu sun sani ba. Ni kaɗai ke da takarda, saboda haka ni kaɗai na tafi neman wanda zan nuna wa. Na same shi a wata rumfa, ɗan duwan, wato ma'aikacin kwastan, yana gyangyaɗi. Ya buɗe akwatina, ya ga littafi da hoton wuƙa a bango, ya tambaye ni ko na siyasa ne. Na ce na kisan kai ne. Hankalinsa ya kwanta, amma sai da ya juya shafi ɗaya-ɗaya, har rana ta take. Da na fito ayari ya yi nisa. Mutum biyu kawai na tarar a gindin wata tsamiya da jakinsu. Tanko ya ce shi da ya tafi, tsohon ne ya ƙi, wai ba zai bar abokin tafiya a hannun hukuma ba.

Abin da ya bambanta can da nan bai kai yadda ake faɗa ba. Geronsu geronmu ne, gaisuwarsu tamu. Sai dai motocinsu hagu suke bi, abin da na gano sa'ad da wata ta kusa raba ni da Ikko tun a Maigatari. Burodinsu gajere ne mai laushi da zaƙi, ba dogo mai ɓawo irin na Damagaram ba, kuma shayi a wurinsu madara ce da aka nuna wa ganye. Ni da nake Mushe a gida na zama ticha. Dukanmu uku "mutanen Faransa" ake kiranmu, har Tanko ya fara tafiya da wani irin taku. Jakin muka bar shi wurin wani ɗan'uwansu mai sayar da kanwa, muka hau mota zuwa Gumel.

A Gumel mun sauka a zauren wani fatoma, mai saukar baƙi. Tuwon dawa da miyar kuɓewa aka kawo, mai kyau, amma Malam Isuhu loma biyu ya yi. Bayan la'asar ruwa ya sauko, muna zaune muna jin sa a kan jinka, sai ya lalubo hannun Tanko ya riƙe.

"Kai, bawa, saurara. In abin ya zo a hanya, kai za ka wanke ni, da hannunka. Kuma kada rana ta faɗi ina bisa ƙasa. Duk garin da aka tarar, Musulmi ne, a sa ni a nan. Mushe, kana ji? Kai ne shaida."

Na ce na ji.

"Wanka?" in ji Tanko. "Kai da ba ka yi da ranka ba? Rijiya zan jefa ka in huta."

Amma bai zare hannunsa ba har ruwan ya tsagaita.

Jirgi a Gagarawa ake hawansa. Mun isa da hantsi, jirgin ya zo bayan ya ga dama. Ina zaune a kan akwatina ina karatu sai inuwa ta rufe mini shafi. Wani saurayin Bature ne, na 'yan sanda, zai koma Kano daga rangadi. Ya karanta bangon littafin, ya yi mini magana da Faransanci, irin wanda da ɗalibina ne takwas bisa ashirin zan ba shi. Ashe shi ma mayen irin littattafan nan ne. Muka tsaya muna gardama a kan ko guba ta fi wuƙa wuyar ganewa. Ba zan ɓoye ba, na ji daɗi. A Magariya ban taɓa samun wanda zan yi wannan hira da shi ba, kuma mutanen tasha duk sun zuba mana ido.

Ga masu tambayar yadda jirgi yake: a littafi akwai ɗakin cin abinci, da labule, da mata masu sarƙar lu'ulu'u. A taragonmu akwai bencin katako, da kaji, da buhunan barkono, da wata akuya da ta ci gefen takardar izinina. Yana da ƙara, yana da hayaƙi, amma gudunsa gaskiya ne. Malam Isuhu ya zauna gefen taga yana tambaya me ake wucewa. Tanko na ba shi labari: ga tafki, ga Fulani da shanu, ga wata tsohuwa da ta dace da kai. Ya dama masa fura da jan garin, ya faɗi abin da ya saba faɗa. Tsohon ya kurɓa kaɗan, ya jingina kansa a kafaɗar Tanko. Bayan mun bar Taura Tanko ya ce masa ga wata kuka mai kama da shi, bai rama ba. Daga rashin ramawar muka gane.

Aka yi salati. Tanko ya rufe shi da bargonsa ya zauna riƙe da ƙafarsa. Wani dattijo ɗan kasuwa ya ce kada a damu, tasha ta gaba kusa ce, ya san limaminsu, kafin la'asar ta yi sanyi an gama komai. Mutum huɗu suka ce za su sauka su taya, su bi jirgin gobe. Cikin ɗan lokaci har an sami mai ba da farin yadi daga hajarsa. Ba wanda ya san sunan mamacin a cikinsu.

Mai duba tikiti ya kai labari gaba, ya dawo ya ce Bature na kiran ticha.

Sai ga ni a taragon da na daɗe ina karantawa. Kujera mai laushi, labule, fanka na juyawa. Ya sa aka kawo mini shayi, ya buɗe ɗan littafinsa, ya yi murmushi ya ce, "To, Mushe, ga gawa a jirgi. Me ka gani?"

Abin da ya kamata in ce bai wuce kalma goma ba: tsoho ne, marar lafiya, kwanansa ya ƙare, ya bar wasiyya. Amma ban taɓa zama a irin kujerar nan ba, kuma ba a taɓa yi mini irin tambayar nan ba. Na gyara zama. Na ce akwai abubuwa uku da mai lura zai lura da su. Na ɗaya, wani jan gari da ake sa masa a fura, na ƙarshe ƙasa da sa'a guda kafin ya cika. Na biyu, mai sa garin ya faɗa a gabana, ba sau ɗaya ba, cewa shi ne zai ƙarasa shi. Na uku, gonakinsu na maƙwabtaka, kuma an ambaci mata. Faransancina bai taɓa fita sumul kamar ranar ba. Ko kuskure ɗaya babu.

Na san taubasantaka tun kafin in san baƙaƙen boko. Ni kaina ina da taubashiya a Dungas da ta sha alwashin sayar da ni a kasuwar Sassumburum. Ko daƙiƙa ɗaya ban zaci Tanko ya yi wani abu ba. So nake kawai a ga na iya jera abubuwa yadda ake jera su a littafi. A ƙarshe na ƙara da cewa, ina dariya, wai a wurinmu wannan wasa ne tsakanin ɗan mace da ɗan namiji. Ya ce, "Haka ake cewa kullum," ya rufe alƙalaminsa.

Da jirgi ya tsaya, Tanko da mutanen nan huɗu sun riga sun kai gawar bakin ƙofa. 'Yan sanda biyu suka tare su, ɗaya ya karɓi ƙullin maganin. Tanko ya duba ya gan ni tsaye bayan Bature.

"Mushe, faɗa musu. A gabanka ya yi wasiyya."

Na faɗa. Na faɗa da Faransanci, na faɗa da Hausa, na koma na bayyana taubasantaka tun daga kakanni, yadda ya kamata in yi tun farko. Baturen ya saurare ni da ladabi. Ya ce ya yarda mai yiwuwa haka ne, amma abin da ya shiga takarda sai likita ya fitar da shi. Mai farin yadin ya tsaya da yadinsa a hannu. Jirgi ya yi kuka ya tashi. Muna shiga Kano rana na faɗuwa, Tanko na zaune tsakanin 'yan sanda biyu yana kallon ta ta taga.

Kun tambaye ni Kano. Na ga famfo a bakin titi, na ga fitilun lantarki, na ga buhunan gyaɗa an tara su sun fi masallacinmu tsawo, wataƙila har da gyaɗar Magariya a ciki. Na sauka a Fagge wurin ɗan'uwan wani ɗan kasuwarmu, suka karɓe ni da kyau, aka yi mini shinkafa da ban san ɗanɗanonta ba. Abin da na sani sosai a Kano benci ne. Kwana uku ina bin ofisoshi daga wannan benci zuwa wancan, ina neman wanda zai karɓi magana ta biyu daga bakin da ya yi ta farko. Wani akawu ya dube ni ta saman tabarau ya ce, "Ticha, kai ka ce, kai ne kuma ka zo ka ce ba haka kake nufi ba. A makarantarku wanne ake ba maki?"

Rana ta uku takardar likita ta fito. Zuciya ce ta kumbura, ciwo daɗaɗɗe. Jan garin ɓawon itace ne da kanwa. Na ruga asibiti in karɓi gawa, aka ce ai tun jiya aka rufe shi. Da zafin damina, bayan an buɗe shi an ɗinke, ba a iya ajiyewa. Leburori ne suka kai shi. A lokacin ina zaune a benci. Na sami ɗaya daga cikinsu na tambaye shi ko an yi masa wanka. Ya ce, "An zuba masa ruwa."

Washegari aka saki Tanko. Baturen ya ba ni hannu, da zuciya ɗaya, ya ce ko a littafi ma wanda aka fara zargi ba ya zama shi ne. Na karɓi hannun.

Tanko ya fito riƙe da sandar Malam Isuhu da gafakarsa. Tambaya ɗaya ya yi: "Ina yake?" Leburan ya kai mu maƙabarta, ya tsaya tsakanin sababbin kaburbura biyu, ya duba wannan ya duba wancan, ya ce ranar mutum biyu suka kawo. Tanko ya tsuguna a na farko ya yi addu'a mai tsawo, ya tashi ya koma na biyu ya maimaita ta daga farko.

Jirgin Ikko na tashi kashegari. Na bi Tanko muka hau na Gagarawa. Bai zage ni ba, da ya yi da na samu sauƙi. Yana ce mini Mushe, yana miƙo mini ruwa kafin ya sha, in za mu hau mota ya ce in fara. A Maigatari, yana ɗaura wa jakin akumari, na roƙe shi gafara. Bai daina ɗaurin ba.

"Kwana huɗuna na yafe, ba su da yawa," in ji shi. "Wankan ba nawa ba ne da zan yafe."

Mun ƙetare iyaka ta cikin gero, ban nemi kowa in nuna masa takarda ba. Ban ratse Dungas ba, na bi shi har Mallawa. Tun daga bakin gari mutane suka ga jaki ba mahayi, gafaka a wuyan Tanko, ba sai an faɗa ba. Aka shimfiɗa tabarmi a ƙofar gida, gari ya taru, liman ya yi addu'a. Tanko ya ba da labari a taƙaice: a jirgi ya cika, kansa a kafaɗata, bai wahala ba, a Kano aka rufe shi. Bai ambaci 'yan sanda ba. Da aka tambayi abin da ya tsai da shi, ya ce hanya.

Can sai muka ji muryar tsohuwa daga bayan zana. Hajo ce.

"Tanko."

"Na'am."

"Ya ce mini kai za ka wanke shi. Kai ka wanke shi?"

"Ni na wanke shi."

"Bai kwana ba?"

"Bai kwana ba. Kafin la'asar an gama." Ya juyo ya dube ni, karo na farko da ya dube ni sosai tun Kano. "Ga Mushe nan, mai ilimi ne, a gabansa aka yi komai. Tambaye shi."

Duk tabarmar ta juyo. Na ce, "Haka ne, Inna. Haka aka yi."

Muka ji tana share hanci. Sannan ta ce, "Allah ya saka maka, Mushe. Ka bar tafiyarka saboda mutumin da ba ka sani ba. Yadda ka tsaya masa, Allah ya ba ka mai tsaya maka."

Jama'a suka shafa suka ce amin. Tanko ma ya ce amin, na ji shi.